Uwar Goyon Yaya Kallamu

In kana son ka taro wa kanka surutu, ka ce wa Babayo akwai abin da Sinawa ba za su iya kwaikwaya ba. Zai ajiye kofin shayi, ya gyara zaman hula, ya fara. Shekara da shekaru yana zuwa Guangzhou sarin takalma yana kaiwa kasuwar Wambai a Kano, kuma kusan duk takalmin da ya taɓa cin kasuwa a rumfarsa samfuri ne ya tsinto a wani wuri, ya miƙa wa masu masana'anta a kasuwar takalma ta Zhanxi, suka yi masa dubunsa. Cewa yake yi da za ka kai musu surukarka, wallahi kafin Juma'a sun haɗa maka kwantena guda irinta, har da mitar. Mutane su yi dariya, shi kuma ya ji daɗi. To, baki shi ke yanka wuya. Wannan bakin ne ya sa shi gararamba a titunan Guangzhou a daminar shekarar Olamfik, da ɗan ƙarfen yayansa a aljihu.

Yayan nasa, Kallamu, tsohon ma'aikacin gandun daji ne da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a gefen Ningi. Shi ya riƙe Babayo bayan rasuwar mahaifinsu, shi kuma ya kama hannunsa ya kai shi Kano ya damƙa wa mai rumfa. Yana da doguwar bindiga mai lasisi, tsohuwa, irin mai harbin gaba da naushin baya. Tun da babur ya kayar da shi kafaɗarsa ta dama ta goce, kafaɗar ba ta ƙara ɗaukar wannan naushin ba. Harbi ɗaya da babban harsashi, sai ya wuni ya kwana yana cin tuwo da hagu. Abin da ya hana shi rataye bindigar shi ne wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ya zo tare da ita tun daga hannun Baturen da ya sayar masa. A waje siffar babban harsashi gare shi, a ciki kuwa rami ne daidai kwanciyar ƙaramin harsashin fistol. Ka zura ƙaramin a cikinsa, ka zura shi a bindiga, sai babbar bindiga ta harba ƙaramin harsashi, ba naushi, ƙarar ma ba ta fi ta karya kara ba. Uwar goyo Yaya Kallamu yake kiran ƙarfen.

Su ƙananan harsasan ba saye yake yi ba, ina ma zai same su. Kwansunan da ya harba yake tsincewa ya sake cikawa. Duk wanda ya je gaishe shi da hantsi zai tarar da shi a tabarma, tabarau a karan hanci, ya jiƙa kwansunan a ruwan tsamiya sun fita fes, ya shanya su a faranti. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya cire 'yar hular gindi wadda ta riga ta ci wuta, ya sa sabuwa, ya auna albarushi da wani ɗan cokali da ba ya yarda kowa ya taɓa, ya ɗora kan dalmar da ya narka da kansa, ya matse. In ya gama guda sai ya ɗaga shi ya duba, ya jefa a gwangwanin alewa. Ba ya magana in yana awo, ko sallama ka yi sai ka jira. Da yamma ya saɓa bindiga ya zaga gonar masara, ya kori birai, wata rana ya dawo da zabuwar daji, wata rana ya dawo hannu rabbana. Ba naman ne ya dame shi ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a daji, kuma wannan zaman na hantsi da zagayen na yamma su ne abin da ya rage masa.

Da Babayo ya je yi masa sallama kafin tafiya, sai ya ga yana bin bakin uwar goyon da farce. Wani tsagu ne siriri kamar gashi ya fara fitowa. Yaya Kallamu ya ce ba komai, in ya lallaɓa ta za ta kai shi damina biyu ko uku, daga nan kuma wa ya san wanda zai riga wani. Nan fa bakin Babayo ya buɗe. Ya ce dozin guda za a yi masa, da ƙarfen da ya fi wannan. Yayan ya ce a'a, wani mai injin ƙarfe a Kano ya taɓa gwada yi masa irinta, abin ya maƙale a bindiga sai da aka sha wuya kafin ya fito. Babayo ya ce ai wannan Kano ce. Ya nace, ya kawo misalin takalma, ya kawo na agogo, ya kawo na janareta, har tsohon ya gaji da musu, ya naɗe ta a ƙyalle ya miƙa masa.

"Ita kenan gare ni," ya ce. "Ko ba a yi sabuwa ba, ka dawo mini da ita."

Babayo ya ce haba Yaya. Ya jefa ta cikin jakar samfuran kwaɗo da makullai da wani maƙwabcin rumfa ya ba shi saƙo, ta wuce filayen jirgi ba wanda ya ce uffan. Sai daga baya ne, in ya tuna, yake gane irin kasadar da ya yi.

Garin da ya sauka ba shi ne wanda ya sani ba. Wasannin a Beijing ake yi, can uwa duniya, amma tsauraran matakan sun iso har nan. Bizar da a da ake ba shi mai tsawo, wannan karon guntuwa aka ba shi, kuma ba maganar sabuntawa. 'Yan sanda na bi otal-otal suna duba fasfo. Rabin 'yan uwan da ya saba haɗa kwano da su sun tattara sun koma gida, gidan abincin da suke cika da hayaniya ya zama sai ƙarar fanka. Ga wani zafi mai danƙo, riga ta manne a baya tun safe, ruwan sama ya zuba bai rage komai ba. Kowane shago ka shiga talabijin na nuna masu ninƙaya da masu tsalle, yaran shago sun ba mai saye baya. Shi kuwa Babayo ya haura hamsin, gwiwoyinsa sun fara ba shi labari a matakalan Zhanxi. Da ƙyar ya kammala da takalmansa, sannan ya waiwayi ƙarfen.

Wanda ya nema shi ne Tankari, mutumin Maraɗi, da ya daɗe a garin har bakinsa ya kama yaren, yana yi wa 'yan kasuwa tafinta da haɗa kaya. Da Babayo ya kwance ƙyallen a ɗakin otal ya yi masa bayani, Tankari ya tashi ya ja labule, ya dawo ya zauna.

"Alhaji, ka ko san ƙasar da kake? Nan yanzu ko wuƙar yankan albasa ka saya sai an tambaye ka mi za ka yi da ita. Ka tahi da abinka gida yadda ka zo da shi."

Wannan ita ce shawara, kuma Babayo ya san ita ce. Amma ya hango kansa yana miƙa wa Yaya Kallamu ƙyallen nan yadda ya karɓa, ya hango murmushin da tsohon zai yi ba tare da ya ce komai ba, sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce su dai gwada. Ba wanda zai ambaci bindiga, a ce bakin injin ban-ruwa ne. Tankari ya ja tsaki. Amma akwai mutunci na shekaru a tsakaninsu, ya sa takalminsa suka fita.

Sun yi yawo, kai, sun yi yawo. Kasuwar kayan ƙarfe, lungun masu makullai, layin masu gyaran injuna, duk sun shiga. Amsar ɗaya ce, meyo, wato babu, kalmar da Babayo ya fara koya a ƙasar kuma bai taɓa shan ta da yawa haka ba. Wani lawban, mai shago kenan, ya tambayi dubu nawa ake so, da aka ce masa guda goma sha biyu sai ya yi dariya ya koma kan talabijin. Wani kuma ya juya ƙarfen a tafin hannu, ya kai shi hanci, ya dubi Babayo ido cikin ido, ya ajiye shi a kan kanta da yatsu biyu, ya nuna musu ƙofa. Ranar a bas Tankari ya juya wa Babayo ƙeya har suka sauka. Babayo ya koma ɗaki ya jiƙa ƙafafunsa a bokiti, ya zauna yana kallon bango. Ya gaji da garin, ya gaji da murmushin dole, ya gaji da jin kansa yana maimaita ƙaryar injin ban-ruwa. Kwanakin biza kuma sai zarewa suke yi.

Da ya bar maganar a nan da ya huta. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ɗan Ghana mai sayen kayan injin niƙa ya yi musu kwatancen wani ƙaramin wurin ƙira a bayan gari, a hanyar Foshan, wai su suna karɓar ƙaramin aiki. Suka je. Rumfar kwano ce da 'yan injuna, ƙasa duk ɓurɓushin ƙarfe da baƙin mai. Maigidan ba ya nan, matarsa ce a tebur tana ɓare gyaɗa. Ta karɓi ƙarfen ba ta ko dube shi sau biyu ba, ta ji an ce injin ban-ruwa ta gyaɗa kai, ta ce su dawo jibi. Babayo ya yi ta zuba mata sheshe, wato godiya, kamar wanda aka ba kyautar kujerar Makka. Ya fito yana jin iska na ratsa shi a karon farko tun saukarsa, har ya tsaya ya saya wa Tankari lemo.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa kai samfuri a garin nan ya san yadda ake yi da shi. Ba kallonsa ake yi a yi irinsa ba, farke shi ake yi. Takalmi nawa Babayo ya miƙa, ya tsaya yana kallo aka sa reza aka raba fata da soso, aka ɓare ƙasan, aka shimfiɗa kowane yanki a kan kwali aka zana? Bai taɓa cewa a mayar masa da samfuri ba, don samfuri ba abin dawowa ba ne, in ka miƙa shi ka yi sadaka da shi. Abu mai rami kuwa, ta ina za a auna cikinsa in ba a buɗe ba? Ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Hannunsa ne kawai ya miƙa ƙarfen yadda ya saba miƙa takalmi, bai ce a bar shi yadda yake ba, shi ma Tankari bai ce ba. Tunanin bai faɗo masa ba sai washegari wajen azahar, yana tsaye a wani shago a Zhanxi, mai shagon na farke wani silifas a gabansa. Ya kira Tankari, Tankari ya kira lambar matar, waya ta yi ta kuka ba a ɗauka ba.

Ba su jira jibin ba. Suna isa suka tarar da maigidan, wani gajeren mutum mai furfura da askin kwal-kwal. Bai miƙa musu taba ba, bai zuba shayi ba. Ya ja su bayan rumfa nesa da ma'aikata, ya fito da ƙyallen daga aljihun wandonsa, ya kwance a kan wata ganga.

An tsaga uwar goyon biyu daga kai har gindi. Yankan ya fita tsaf, gefensa na ƙyalli, aikin gwani. Cikin kuwa baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, ga makwancin ƙaramin harsashi nan a fili, ko yaro ya gani ya san mene ne.

Mutumin ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, Tankari ya fassara a taƙaice. Maigidan ya ce ya yi soja, ya san abin da yake gani. Ma'aikacinsa ne ya yanka da safe kafin ya iso. Ba zai yi ba, kuma ba wanda zai yi. A irin wannan lokaci in aka ga abu kamar wannan a wurinsa, rufe wurin shi ne ƙaramin abin da zai same shi. Bai kira kowa ba, don ba ya son ƙafar 'yan sanda a ƙofarsa. Su kwashe abinsu su tafi, kuma kada su ce sun taɓa zuwa nan.

Babayo ya ce a tambaye shi ko za a iya yi mata walda. Tankari ya dube shi kamar ba zai fassara ba, sannan ya fassara. Mutumin ya girgiza kai. Ya haɗa yatsunsa ya buɗe su a saitin fuskarsa, ya nuna yadda za ta tarwatse a idon mai harbi. Daga nan ya tambayi ta wace ce. Babayo ya ce ta yayansa ce, tsoho ne. Mutumin ya sake duban ɓarin biyun, ya faɗi wata gajeriyar magana, Tankari ya ce wai ya ce ka yi haƙuri. Ko haka ya ce, ko Tankari ne ya ga ya dace a ce haka, Babayo bai sani ba.

A hanyar dawowa, da bas ta hau gada, Tankari ya raɗa masa ya wurga su a kogi ya huta. Babayo bai motsa ba. Yana jin ɓarin biyun suna ɗan karo da juna a aljihunsa duk sanda mota ta faɗa rami. Ya nemi wanda zai yi wa fushi ya rasa. Matar aikinta ta yi, ma'aikacin ma haka, Tankari kuwa tun ranar farko ya faɗa masa gaskiya. Wanzami ba ya son jarfa, shi ke nan. Kunya ce ta rufe shi, da wani baƙin ciki mai nauyi, da gajiyar da ta hana shi ko yin tsaki.

Bayan la'asar ya zauna a bakin gado ya kira gida. Can hantsi ne, lokacin tabarma. Yaya Kallamu ya ɗauka da kansa, suka yi doguwar gaisuwa. Ya ce ruwa ya samu bana, masara ta fara goyo, birai har sun fara leƙe. Ya ce ya cika kwansunansa kaf, gwangwani ya cika ya kawo baki, yanzu ba abin da ya rage ya cika, zama kawai yake yi yana korar ƙuda. Bai tambayi uwar goyo ba. Irin kawaicinsu ne na manya, ya kawo ka bakin maganar ya tsaya ya bar maka.

"Yaya, sun yanka ta," in ji Babayo. "Sun raba ta biyu don su auna cikin, kuma sun ce ba za su yi ba. Ni na miƙa musu, ban ce su bar ta ba."

Babayo yana jiyo zakara ta cikin wayar, yana jiyo daka daga wani gida, ya duba wayar ko ta yanke, ba ta yanke ba. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi. Da tsohon ya buɗe baki, tambaya ya yi ko hukumar ƙasar ta taɓa shi. Babayo ya ce a'a. Ya ce to alhamdulillahi, abin da ya fi kenan, kada ya sake ya hau jirgi da su, ya nemi inda zai zubar. Babayo ya fara cewa zai gwada Dubai, zai tambayi masu zuwa Turai, yayan ya katse shi a hankali, ya ce ya bari haka nan.

"An ce suna yin sanda mai kyau a can, mai roba a ƙasa," in ji Yaya Kallamu. "In ka samu ka taho mini da ɗaya. Gonar da nisa in mutum bai riƙe komai ba."

Babayo ya ce to.

Ya san inda ake sayar da su, ina ne bai sani ba a garin nan. Wani gini ne a bayan kasuwar tufafi ta Baima, hawa na biyu. Ya sa takalmi ya fita cikin zafin, ya hau matakalar yana dafa ƙarfen gefe. Sanduna ne jere har rufi, na katako, na ƙarfe, masu naɗewa, masu 'yar fitila a kai. Mai shagon ta rage ƙarar talabijin, ta tambaye shi kwali nawa yake so. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna mata sanda guda yake nufi. Ta taɓe baki, ta yi masa nuni da hannu ya gwada mata tsawon mai sandar. Babayo ya ɗaga hannu sama da kansa, inda Yaya Kallamu yake kaiwa a saninsa. Ya tsaya haka jim kaɗan, matar tana jira, sannan ya sauko da hannun zuwa saitin kunnensa, inda tsohon yake kai masa yanzu.